Shekarar da Na Ajiye Wasan Kawu Manu

Ku 'ya'yana, na san abin da kuke ji idan kun je Augie biki ko gaisuwar mutuwa. Ba wanda zai tare ku da maganar a fuska, amma kun sha tsintarta a bakin mata wajen tukwane, wai ubanku ne ya binne aikin kawunsa da hannunsa don ya faranta ran dangin ubansa na Birnin Kebbi. Hadiza ta taɓa tambayata tana 'yar sakandare, na ce ta bari sai ta ƙara girma. Ga shi yau ita ma tana da masu tambayarta, ni kuma ido ya fara gajiya da takarda. Gara in rubuta muku yadda abin ya gudana tun hannuna yana iya riƙe alƙalami. Makarantun da na yi da garuruwan da aka kai ni aiki duk kun san su, ba zan tsaya kansu ba. Shekara ɗaya nake so ku fahimta, wadda ta biyo bayan yanke jiharmu daga Sakkwato.

Sai kun san gidan da na fito kafin ku gane sauran. Kakanku, Baba, malamin zaure ne a Birnin Kebbi, daga gidan da asalinsa Gwandu ne, kuma kakanninsa suna cikin waɗanda suka riƙe tuta a zamanin yaƙe-yaƙe. Kakarku, Inna, Bakabiya ce 'yar manoman shinkafa daga Augie, da zanen Kabawa a kumatunta har ya kusa kunne. Baba ya je garinsu karantarwa wani rani, ya gan ta, ita ma ta gan shi, aka yi aure da yardar kowa. Ba sai na gaya muku Kabawa da mutanen Gwandu sun daɗe suna yaƙar juna kafin zuwan Turawa ba, wannan kowa ya sani. Abin da ba ku sani ba shi ne a gidanmu ba a taɓa ɗaga zancen. Wani lokaci wata gwaggo takan jefa kalma game da "mutanen gulbi", Inna sai ta ci gaba da sheƙar shinkafarta kamar ba ta ji ba, Baba ya yi gyaran murya daga zaure, shi ke nan magana ta mutu. Haka muka tashi, har muna zaton kowane gida haka yake.

Kawu Manu ƙanen Inna ne, ita ta goye shi, kuma Yaya yake ce mata har ya yi furfura. Hedimastan firamare ne a Argungu. Shi ya yi ta zarya wurin Baba har aka yarda in shiga boko, ya ɗauke ni na zauna a gidansa. Dogo ne, mai yawan dariya, mai saurin fushi da saurin sauka. A hannunsa na fara ganin wasan kwaikwayo a rubuce, don yakan sa mu ture bencina gefe ya raba mana magana, wannan sarki, wannan mai kifi, shi kuma ya tsaya ƙofa yana gyara mana murya. Bube yake kirana kamar yadda Inna take kirana. Abubakar ɗin na takardun makaranta ne kawai.

Tun ina yaro na san yana rubuta wani wasa nasa. Da ya yi ritaya ya koma Augie, yana noman shinkafa a fadama da damina, da rani ya dasa albasa, sai wasan ya zama abokin zamansa. Yana da wani tsohon keken rubutu da ba shi da haruffa masu lanƙwasa, saboda haka idan ya gama buga shafi sai ya bi shi da biro yana yi wa kowane harafi ƙugiyarsa, harshe a waje kamar ɗan aji ɗaya. Wasan labarin kakarsu ne shi da Inna, wata mata mai suna Ige. Tana goyon ɗanta na fari mahaya daga Gwandu suka faɗa wa ƙauyensu a bakin gulbi a wata shekarar yunwa, aka tafi da ita, aka bar jaririn a ƙasa. Ta yi shekaru tana daka a gidan da ba nata ba kafin ta samu hanyar komowa, ta tarar yaron ya daɗe da rasuwa. Ta sake aure, ta haifi uwar su Inna, ta rayu har ta tsufa tana ba jikokinta wannan labari. Na karanta wasanni da yawa a rayuwata, kuma ba don kawuna ne ba nake faɗa, kaɗan ne suka kai nasa. Mutanen cikinsa suna magana kamar ka miƙa hannu ka taɓa su. Sai dai a fitowar ƙarshe Ige tana tsayawa bakin gulbi ta ɗaga hannu, ta ja wa waɗanda suka ɗauke ta Allah ya isa, su da 'ya'yansu da jikokinsu, tana kiran garuruwansu ɗaya bayan ɗaya.

Da aka ba mu jiha murna ta cika ko'ina. Manyan motoci suka yi ta shigowa Birnin Kebbi daga Sakkwato ɗauke da tebura da kujeru, ma'aikata suna yawo a unguwar Badariya suna neman ɗakin haya, ofis ɗaya sai ka ga an raba shi da labule. Ni a lokacin ina koyar da adabin Hausa a kwalejin horon malamai a Argungu, uwarku tana da cikin Nasiru. Sai aka kira ni cikin kwamitin da zai zaɓi littattafan da ɗalibanmu za su karanta. Waƙa da zube ba su ba mu wahala ba. A wasan kwaikwayo ne aka ce gurbi ɗaya za a ware wa wasan tarihi, kuma kowa yana so ya zama tarihin ƙasarmu ne daga alƙalamin ɗan ƙasa, tunda yanzu mun zama masu gidan kanmu. Wasanni biyu suka zo gabanmu. Ɗaya na Kawu Manu ne, wani tsohon ɗalibinsa ya kawo shi. Ɗayan kuma na wani tsohon alƙali ne a Birnin Kebbi, aminin Baba, a kan yadda tutar jihadi ta shigo ƙasar nan. Shi ma ya iya rubutu, Hausarsa tsaf. Amma a wasansa Kabawa ba su da suna, arna kawai ake ce musu, kuma ya sa wani wawa mai zane a kumatu wanda aikinsa shi ne ya ruga ya faɗa ruwa duk sanda ya ji motsin doki. Da yake na fi sauran daɗewa ina koyar da wasan kwaikwayo, shugaban kwamitin ya ce abin da na gani shi za a fi dubawa.

Nan da nan labari ya isa Augie. Ranar kasuwa sai ga Kawu a ƙofar gidana a Argungu bisa babur ɗinsa, da buhun albasa ɗaure a baya, yana dariya tun kafin ya kashe inji.

"Bube! Ashe kai anka ɗora bisa aikin!"

"Kawu, ba ni ɗai na ba, kwamiti na."

"Wane kwamiti? Wa yas san wasa cikinsu kamar kai? Ni nik koya maka."

Ya zauna bisa tabarma, ya sha furar da uwarku ta dama masa, ya goge baki, sannan ya faɗi abin da har yau yake min ciwo idan na tuna.

"Ni ba suna nika nema ba. So nikai ɗiyan ƙasar ga su san an yi wata mata da aka ce ma Ige. In sun san haka, ko gobe in mutu."

Na ce Allah ya sa. Ban yi masa alkawari ba, don a lokacin ni kaina ban san inda zan tsaya ba.

Al'adata ce ba na yanke wa wasa hukunci a kan tebur, sai na ji shi a bakin ɗalibai. Ajina na shekarar ƙarshe ya haɗa kowa, 'yan Argungu da Augie, 'yan Gwandu da Jega da Birnin Kebbi, har da 'yan Yauri da Zuru, kuma duk manya ne, wasu ma da aurensu. Na fara da wasan alƙali. Da wawan nan ya fito, rabin aji ya fashe da dariya. Na duba gefen taga na ga wani ɗalibi Bakabe, natsattse, wanda kullum shi ke jan su salla, ya sa tafin hannu ya rufe kumatunsa, bai sauke ba har aka tashi. Bayan haka muka ɗauki na Kawu. Wata ɗaliba mai suna Luba ta fito a Ige, kuma ta iya ƙwarai, har na ga masu share hawaye daga kowane ɓangare a wurin da aka ɓamɓare mata jariri. Na ce a raina Kawu ya ci. Sai aka zo fitowar ƙarshe. Luba ta ɗaga hannu ta fara kiran garuruwa, kuma ba ni na sa ta ba, ba kuma haka yake a rubuce ba, sai ta juya ta miƙa yatsa ga bencin da 'yan Gwandu suke zaune. Wasu suka yi sowa suna buga tebur. A kan bencin nan akwai ƙawarta A'isha, wadda suke ci a kwano ɗaya tun shigowarsu kwalejin. A'isha ta tashi a hankali, ta gyara mayafinta, ta fita. Daga baya Luba ta same ni tana kuka, ta ce wallahi ba ta san lokacin da hannunta ya juya ba. Na yarda da ita. Amma har ƙarshen zangon nan ɗakin cin abinci kashi biyu ake zama, kuma waɗannan su ne za mu sallama ba da daɗewa ba su shiga azuzuwan ƙauyuka, kowanne da yaran mutane a gabansa.

Na shiga mota na tafi Augie. Na tarar da Kawu a gonar albasa yana ban ruwa, wando a naɗe har gwiwa. Bayan mun gaisa na tsaya a kan kunya na fara.

"Kawu, wasan ga ba shi da na biyu. Wuri guda ɗai nika roƙon ka taɓa."

Ya dafa fartanyarsa. "Wane wuri?"

"Inda taka kiran garuruwa. A bar mata kukanta, a bar mata Allah ya isa ga waɗanda sunka yi mata. Ɗiya da jikoki ɗai za a hitar."

"Ni ban ƙaga ba, Bube. Bakinta nij ji shi, ba sau ɗaya ba."

"Na sani, Kawu. Amma jikokin ga da taka hwaɗi suna zaune gabana cikin aji. Ni kaina ina cikinsu."

"Kai ɗan Yaya na."

"Ɗan Baba na kuma."

Kawu ya kawar da kai. Ruwa yana bi ta tsakanin ƙafafunsa ya cika wani gefe har ya fara malala, bai tare ba. Na ba shi labarin Luba da A'isha, da na ɗalibin da ya rufe kumatu, don ya san ba nasa kaɗai nake magana a kai ba. Ya saurare ni har na gama.

"Su yi kuka," ya ce. "Ita ma ta yi. Sun ɗauke ta tana da rai, ba ta da bakin magana. Yanzu ta mutu ka zo ka ce ni ma in ruhe mata baki? In ka ji maganar ta yi ɗaci, abin da anka yi mata ya hi ta ɗaci. Ko a ɗauke shi duka, ko a bar mani abina."

Ba zan yi muku ƙarya in ce har yau na samu cikakkiyar amsar wannan ba. Gaskiya ya faɗa. Ni ma abin da na gani a ajina gaskiya ne.

Ranar Juma'a na je Birnin Kebbi. Bayan an sauko masallaci Baba ya sallami masu ɗaukar karatu, muka rage mu biyu a zaure.

"Alƙali ya aiko shina gaishe ka," ya ce. "Ya ce littahinai na hannunka."

"Baba, ka karanta shi?"

"Ni ba ni karatun wasa. Amma na san mutumin, ba ya hwaɗin ƙarya."

Na gaya masa sunan da aka kira Kabawa da shi a ciki, da zancen wawa mai zane. Baba ya ajiye tasbaharsa. Ya juya ya dubi ƙofar da ke shiga cikin gida, inda muke jiyo Inna tana daka, ya daɗe yana dubanta.

"Uwarka ta hi ni yawan nahila," ya ce a hankali. Can kuma ya ƙara, "Ka yi abin da kaka iya tsayawa kainai gaban Allah. Amma kada ka zaci wani za shi gode maka."

Ranar zaman ƙarshe, a wani aji da aka ara mana don ba mu da ofis, na tashi na faɗi abin da na gani ban rage ba. Na ce a wannan matakin kada a sa ko ɗaya daga cikinsu. Na kawo wani wasa na uku, na wani marubuci daga wata jiha, a kan farkon mulkin Turawa, lokacin da aka ɗora wa talakawa haraji da aikin tilas ba a tambayi asalin kowa ba. Na faɗa musu a fili cewa bai kai na Kawu Manu kyau ba, bai ma yi kusa ba, amma ɗalibi zai iya yinsa ya koma ɗaki ya zauna da abokinsa lafiya. Na ƙara da cewa a adana waɗannan biyun, idan jihar ta zauna da gindinta a koyar da su tare ga manyan ɗalibai, a hannun malamin da ya san abin da yake yi. Shugaban kwamitin ya yi ajiyar zuciya kamar an sauke masa kaya. Aka karɓi rabin maganata na farko, rabi na biyun kuwa ba wanda ya sake tuna shi. Muna fitowa wani ɗan kwamiti daga Argungu ya ce, yadda zan ji, ai ɗan Gwandu ba ya sake hali. Kafin in kai tasha wani daga Birnin Kebbi ya tare ni ya ce su ba su yi mamaki ba, nonon Kabawa na sha. Alƙali bai sake amsa gaisuwata da sakin fuska ba, kuma zuwan da yake yi zauren Baba hira ya ɗauke. Baba bai taɓa yi min ƙorafi a kai ba, amma na san ya ji, don tun suna samari suke tare.

Washegari na tafi Augie don Kawu ya ji daga bakina. Ashe an riga ni. Ya sa aka shimfiɗa min tabarmar baƙi a zaure, wadda ban taɓa zama kanta ba a gidan. Ya fito cikin babbar riga, ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi aiki da iyali da gajiyar hanya, kamar wani jami'i ne ya zo daga ma'aikata.

"Malam Abubakar, mun ji abin da anka yanke. Allah shi sa haka ya hi alheri."

"Kawu, ka bari in yi maka bayani."

"Ka yi bayani ranar da kaz zo gona, na ji. Takarduna ɗai nika so a maido mani."

Na ciro su daga jaka. Ya karɓa da hannu biyu, ya daidaita gefensu a kan gwiwarsa, ya tashi ya shiga gida. Matarsa ta aiko min da tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, na kasa kai loma baki. Mutumin da na sani da saurin fushi da saurin sauka, wannan karon bai ɗaga murya ba ko kaɗan, kuma bai sauka ba.

Aka haifi Nasiru. Duk sunan da aka yi a gidana Kawu ne yake fara isowa, shi ke tsayawa kan mahauta yana faɗa. Wannan karon shinkafa ya aiko da ita, shi bai zo ba. Da salla na je, aka ce yana gona. Na sake zuwa na same shi, aka sake shimfiɗa min tabarmar nan. Inna ba ta ce min komai ba. Sai dai ta fara tafiya Augie ita kaɗai, da shekarunta, a bayan motar 'yan shinkafa, ta kwana biyu ta dawo ta zauna ƙofar ɗakinta shiru. Idan na tambaye ta yadda ta baro su, sai ta ce lahiya lau, wani lokaci ta ƙara da cewa kawunka shina tambayar ɗiyanka. Uwarku, Allah ya jiƙanta, ta taɓa tambayata ko ba zan iya komawa wurin kwamiti in ce na sake shawara ba, tunda ba a riga an buga komai ba. Na ce zan iya, amma ƙarya zan yi musu, don abin da na gani a aji yana nan bai canja ba. Ta ce to ka yi ta zuwa, wata rana zai gaji ya kira ka ciki. Na yi ta zuwa.

Daminar shekarar ruwa ya yi yawa, gulbi ya cika ya hau fadama ya fara cin shinkafa. Kawu ya shiga ruwa har ƙirji shi da 'ya'yansa suna ƙoƙarin tare abin da za a iya tarewa, kwana da kwanaki. Zazzaɓi ya kama shi, ya koma ciwon ƙirji, aka kawo shi asibiti a Argungu. Kullum idan na tashi aiki can nake wucewa. Ya rame, idanunsa sun faɗa, amma hankalinsa garau. Yakan bari in riƙe masa kofi ya sha ruwa. Yakan tambaye ni ko ruwa ya fara janyewa, ko gadar hanyarsu tana nan. Ban ɗauko zancen wasan ba, shi ma bai ɗauko ba. Na ce a raina bari ya ji sauƙi ya koma gida, sai mu zauna, don na ga kamar ya fara laushi. Wata safiya ina cikin aji aka leƙo aka ce ana nemana a waje. Babban ɗan Kawu ne tsaye, takalminsa duk laka. Tun kafin ya buɗe baki na gane Kawu ya cika.

Wasan bai taɓa shiga aji ba. Na sha tayar da maganar koyar da su biyun tare kafin in yi ritaya, kullum sai a ce lokaci bai yi ba. Luba da A'isha sun shirya kafin su bar kwalejin, na ma taɓa ganinsu tare a wani biki bayan shekaru, kowacce da goyo. Idan kuka tambaye ni ko da za a mayar da ni wancan zaman me zan ce, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Wannan bai rage min komai daga kewarsa ba.

Bayan an yi sadakar arba'in, matar Kawu ta ba Inna takardun, ta ce ita ta fi cancanta ta riƙe su. Wata rana bayan azahar na je gaishe ta a Birnin Kebbi, ta shiga ɗaki ta fito da su ɗaure cikin ɗankwali ta ajiye a gabana. Inna ba ta yi boko ba, kuma duk shekarun da ƙanenta ya yi yana wannan rubutu ba ta taɓa jin abin da ke ciki ba.

"Karanta mani," ta ce. "In ji abin da yar raba ku."

Na zauna a bakin tabarmarta na fara. Ba a rana ɗaya muka gama ba, na yi ta dawowa. Wani wurin takan yi murmushi ta ce wannan maganar kawunsu wane ce, haka yake yi. Wani wurin ta ce in dakata, ta share ido, ta ce ci gaba. Ranar da muka kai fitowar ƙarshe sai na tsaya.

"Karanta duka," ta ce. "Kada ka tsallake."

Na karanta duka, a cikin gidan Baba, har da sunan garin kakanninsa. Da na gama ta ɗago kai.

"Haka tac ce. Bai ƙara ba, bai rage ba. Ina zaune gabanta."

"Inna, na yi kuskure?"

Ban taɓa yi wa kowa wannan tambayar ba, ban kuma sake yi ba. Ta ɗauki takardun ta fara mayar da su cikin ɗankwalin, tana ɗaurewa a hankali.

"Da ka sa shi, da ɗiyan mutane sun yi ta nuna ma juna yatsa. Da kab bar shi, ga shi ya tahi da ciwon abin. Ni ban san wadda ta hi ba, Bube. Ku masu karatu ku kunka san wannan. Ni dai ƙanena nir rasa."

Ta dafa ƙasa ta tashi, ta ce la'asar ta kusa ba ta ɗora tukunya ba. Na bi ta da ido har ta shiga madafa. Ina zaune ina jin ta tana hura wuta, wutar ta kama, hayaƙi ya ɗauke, amma ba ta fito ba har aka kira salla.